Yadda Badujala Ta Bar Bariki Ta Shiga Aji a Amurka

A yawancin makarantun midil na Amurka, inda yara 'yan shekara 11 zuwa 14 suke karatu, akwai ɗaki guda da ake ginawa nesa da sauran azuzuwa saboda ƙara. Nan ake koyar da badujala. Yara arba'in, hamsin, wani lokaci fiye da haka, suna zaune a jere kamar baka, masu sarewa da kilarinet a gaba, masu saksofon da tirampet da tiramban a tsakiya, masu tuba da 'yan ganga a can baya. Cikin wannan ɗakin ake tura ɗalibin jami'a mai son zama malamin kiɗa a zangonsa na ƙarshe, ya yi wata uku ko huɗu yana koyarwar gwaji ƙarƙashin gogaggen malami. Ya zo da sanin tarihin kiɗan Turai, da ƙa'idojin haɗa amo, da iya juya 'yar sandar jagora, ga kuma abin busa guda ɗaya da ya ƙware a kansa tun yana yaro. Abin da yake tararwa kuwa shi ne bakin tirampet da ya maƙale ya ƙi fita, da ɗan siririn karan bakin kilarinet da ya tsage, da yaron da ya manto littafinsa a gida, da 'yan ganga da suka fara tsokanar juna saboda an bar su minti biyu babu abin yi. Masu rubutu kan horon malamai sukan ɗauki waɗannan a matsayin ƙananan matsaloli da ake sharewa kafin a kai ga ainihin kiɗa. Ni a ganina su ne ainihin sana'ar. Ajin badujala dabara ce da aka ƙirƙiro domin malami ɗaya ya wadatar da yara masu yawa da ke riƙe da kayan busa iri-iri a ɗaki ɗaya, kuma soja da 'yan kasuwa da masu shirya gasa ne suka gina ta kafin jami'o'i su zo su fara horar da masu gudanar da ita. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin irin darussan da malamin gwaji yake kwasa ba.

Kiɗa ya shiga makarantun gwamnati a Amurka ta ƙofar rera waƙa ne. A 1838 hukumar makarantun Boston ta amince da roƙon Lowell Mason, ta sa waƙa cikin manhaja, kuma har ƙarnin ya ƙare malamin kiɗa a makaranta yana nufin mai koya wa yara karanta alamomin waƙa da rerawa. Makarantar da Julia Crane ta buɗe a Potsdam ta jihar New York a 1886 domin horar da malaman kiɗa ma a kan murya ta fi ba da ƙarfi. Badujala tana wani wuri dabam a lokacin. Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya bar dubban mutane da suka iya busa ƙahon tagulla, suka koma garuruwansu suka kafa ƙungiyoyi, har mujallar Harper's Weekly ta ƙiyasta a 1889 cewa akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 10,000 a ƙasar. Masana'antu da ma'adinai da 'yan kwana-kwana duk suna da nasu. A samansu akwai ƙwararru masu yawon gari-gari, irin su Patrick Gilmore da John Philip Sousa, wanda ya jagoranci badujalar sojojin kundumbala na ruwa daga 1880 zuwa 1892 sannan ya kafa tasa. Yaro mai sha'awa yakan koya ne wajen wani babba a gari, ko a ƙungiyar yara da wani ya tara. Makarantun da suka riƙe badujala da wuri galibi na marayu ne da na gyara halin yara da na kwana, inda abin da ake nema shi ne ɗa'a da jerin gwano. A irin wannan gida na New Orleans Louis Armstrong ya sami horon busa a 1913. A makarantar Carlisle da aka buɗe a 1879, badujala tana cikin kayan aikin raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da harsunansu da al'adunsu, kuma bai kamata mai yabon wannan al'ada ya tsallake wannan ba.

Abubuwa da dama ne suka haɗu cikin shekara goma sha biyar suka sauya lamarin. Garmaho da rediyo da mota da kiɗan jaz sun janye jama'a daga filin da suke taruwa su saurari badujalar gari. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa an horar da ɗimbin mabusa da jagororinsu (Sousa da kansa, yana da shekara fiye da 60, ya koma horar da su a sansanin sojan ruwa na Great Lakes kusa da Chicago), da aka sallame su kuma sai suka tarar da kasuwar da suka sani tana mutuwa. Silima mai magana ta zo a 1927 ta kori makaɗan da suke yi wa fim maras murya kiɗa, karyewar tattalin arziki ta 1929 ta ƙarasa sauran. A daidai lokacin ne makarantun sakandare suke cika da yara fiye da kowane zamani, kuma rahoton ilimi na 1918 da ake kira Cardinal Principles ya sa amfani da lokacin hutu ta hanya mai kyau cikin manufofin karatu. Ga malamai suna neman aiki, ga makarantu suna neman abin da zai riƙe samari. Na ukunsu shi ne mai kaya. A garin Elkhart na jihar Indiana, kamfanin C. G. Conn da maƙwabtansa Buescher da Martin suna da injuna da ma'aikata masu ƙera ƙaho, kuma masu saye na raguwa.

Shekarar 1923 ce ta ɗaure waɗannan igiyoyi wuri guda. A watan Yuni, masu ƙera kayan busa suka ɗauki nauyin gasar badujalar makarantu a Chicago. Ƙungiyoyi 30 suka zo, alƙali guda ɗaya tak ya saurare su, William Santelmann na badujalar sojojin kundumbala, kuma yaran Fostoria ta jihar Ohio suka yi na ɗaya. Tsarin gasar ya sha suka, amma jaridu sun yayata ta, hukumomin makarantu kuma sun gani. A shekarar ce kuma Joseph Maddy da Thaddeus Giddings suka fitar da littafin Universal Teacher, wanda Conn ya buga. Wannan littafi ya fi gasar muhimmanci, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Kafin shi, abin da kowa ya yarda da shi shi ne kayan kiɗa mutum ɗaya ake koya wa, malami da almajirinsa. Albert Mitchell na Boston ya je Ingila a 1910 ya ga yadda ake koyar da gogen Turawa ga yara da yawa a lokaci ɗaya, ya dawo ya gwada, amma ajinsa kowa abu iri ɗaya yake riƙe da shi. Maddy da Giddings suka tsara darussa yadda mai sarewa da mai tuba za su buɗe shafi ɗaya, kowa a littafin abin busarsa, su busa waƙa ɗaya da suka riga suka sani tun ranakun farko. Daga nan lissafin kuɗi ya sauya. Hukumar makarantar da ba za ta taɓa biyan malamai goma don kayan busa goma ba, tana iya biyan ɗaya, kuma tunda ajinsa ya ninka na malamin lissafi yawan yara, sai ya zama cikin malamai masu araha. Littattafan da ake amfani da su yau, irin su Essential Elements da Standard of Excellence na shekarun 1990, jikokin wancan ne.

Nauyin wannan araha a kan malamin ya faɗa. Dole ya san yadda ake ɗora yatsu a kan kowane abin busa, da yadda ake haɗa leɓe ga kowanne, domin bakin mai sarewa da na mai kilarinet da na mai tiramban babu abin da ya haɗa su. Dole kuma ya riƙa fassara a kansa nan take, saboda kayan ba su kiran amo da suna ɗaya: amon da mai sarewa yake karantawa B-filat, mai tirampet da mai kilarinet C ne a takardarsu, mai saksofon alto G, mai ƙahon Faransa kuma F. Jami'a takan ba ɗalibi 'yan makonni a kan kowane rukuni na kayan, abin da ya isa ya san inda yatsa yake sauka. Abin da ba ta iya ba shi shi ne ya ji amo guda ya kauce cikin hamsin, ya gane daga wane layi ya fito, ya san ko yatsa ne ko leɓe ko numfashi ko wata 'yar fata da ta saki a jikin abin busar, ya gyara da kalma biyar ba tare da ya tsayar da sauran ba. Darasin da malaman gwaji suka fi yawan ambata, wato rage surutu a bar yara su busa, daga nan ya samo tushe. A aji irin wannan, duk mintin da malami ya ba masu kilarinet takwas, ya bar yara arba'in riƙe da abubuwan da aka ƙera don yin ƙara.

Gasa ce ta ƙayyade siffar ƙungiyar da kuma shekarun da ake farawa. Bayan 1923 ƙungiyar malaman kiɗa ta ƙasa, wadda aka kafa a Keokuk ta jihar Iowa a 1907, ta karɓi tsara gasar, aka yi ta farko a hukumance a Fostoria a 1926. Joliet ta jihar Illinois, ƙarƙashin A. R. McAllister, ta cinye shekara uku a jere. Kwamitin gasar ya fitar da jerin kiɗan da za a busa da kuma adadin kowane abin busa da cikakkiyar ƙungiya ya kamata ta ƙunsa, mutum wajen 70, har da kayan da badujalar gari ba ta damu da su ba kamar obo da basun. Makarantar da take son maki sai ta sayo su, ta kuma samo yaron da zai riƙe su. Sannan kowane jagora ya gane cewa ba a cin gasa da yaran da suka fara busa suna shekara 15. William Revelli, wanda ya ɗauki ƙaramin garin Hobart na Indiana daga 1925 ya kai shi zakaran ƙasa kafin ya koma Jami'ar Michigan a 1935, yana cikin waɗanda suka nuna amfanin kama yara tun suna ƙanana. Haka mafarin koyon ya gangaro zuwa aji biyar da shida, ya zauna a ƙaramar sakandare, wadda ita ma sabuwa ce (ta farko-farko an buɗe su a Columbus a 1909 da Berkeley a 1910), daga baya kuma a makarantar midil da William Alexander ya yi kira a kafa a 1963. Shi ya sa malamin midil yake da aiki biyu da ba kullum suke jituwa ba. Ana so ya sa kowane yaro ya so kiɗa, ana kuma so ya miƙa wa babbar sakandare isassun masu tuba da masu ƙahon Faransa. Malamin gwaji da ya ga uban ɗakinsa yana lallashin yaro ya bar saksofon ya koma tuba, dokar kwamitin 1920 da wani abu yake kallo tana aiki. A shekarun 1930 an daina jera na ɗaya da na biyu aka koma ba da daraja-daraja, amma har yau alƙalai uku da takardar maki suna jiran yawancin ƙungiyoyi kowace bazara.

Mai karatu yana iya cewa wannan bayani ya yi wa mutanen kirki ƙazafi, ya mai da su 'yan koren kamfani. Amurkawa da kansu sun yi wannan raha a wasan The Music Man na 1957, inda wani ɗan damfara yake sayar wa mutanen gari kayan busa da yunifom alhali bai iya busa komai ba, kuma marubucin, Meredith Willson, ya taɓa busa sarewa a ƙungiyar Sousa, ya san abin da yake faɗa. Amma faɗin inda kuɗi ya fito ba ya nufin an ce babu gaskiya a zukatan malaman. Maddy ya ci bashi ya kafa sansanin koyon kiɗa na Interlochen a 1928. Walter Dyett ya yi shekaru yana koyarwa a makarantun baƙar fata na kudancin Chicago, kuma daga hannunsa manyan makaɗan jaz da dama suka fito, cikinsu har da Nat King Cole. Will Earhart yana da ƙungiyar masu goge a Richmond ta Indiana tun kafin kamfanoni su waiwayi makarantu. Misalin Earhart ma ƙarfafa hujjata yake yi. Malaman kiɗa na wancan zamani da yawa sun fi son ƙungiyar goge, domin ita ce take da kiɗan Beethoven da Mozart, kuma ita ta riga shiga makarantu. Badujala ta wuce ta saboda tana iya fita waje, tana yin fareti, tana busa a filin ƙwallo inda duk gari yake kallo, kuma yaro yana fitar da amo mai daɗin ji a tirampet da sauri fiye da a goge. Niyyar malamai ta zaɓi kiɗa, amma kasuwa da filin wasa da kasafin kuɗi ne suka zaɓi wane iri.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma daga cikin gida ta fito. Bayan Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957 aka shiga binciken kowane darasi, taron Yale na 1963 ya zargi makarantu da ciyar da yara kiɗa maras inganci da fifita nuni a kan fahimta, taron Tanglewood na 1967 kuma ya nemi a buɗe ƙofa ga kiɗan kowace al'umma da na matasa. A 2008 Randall Allsup da Cathy Benedict suka rubuta maƙalar da ta ce ajin badujala yana koya wa yara bin umarni ne fiye da yin tunani irin na makaɗi. Binciken Kenneth Elpus da Carlos Abril ya nuna kashi 21 cikin ɗari ne kawai na ɗaliban ajin ƙarshe na 2004 suke cikin wata ƙungiyar kiɗa ta makaranta, kuma 'ya'yan masu hali da farar fata sun fi yawa a ciki. Masu wannan ra'ayi suna ɗora wa koyarwar gwaji laifi kai tsaye. Tun 1904 John Dewey ya yi gargaɗi cewa idan aka jefa sabon malami cikin aji da wuri, hankalinsa zai tafi ga yadda zai riƙe yara shiru, ya kwaikwayi dabarun wanda yake gabansa, ya daina tambayar yadda yaro yake koyo. Dan Lortie ya ƙara a 1975 da cewa duk malami ya riga ya yi dubban sa'o'i yana kallon malamansa tun yana ɗalibi, kuma wannan kallo ya fi kwas tasiri. Babu inda maganar ta fi zama daidai kamar a badujala, inda mai neman aikin galibi shi ne yaron da tsarin ya yi wa daɗi, ya yi shekara bakwai a ƙarƙashin sandar jagora a makaranta, ya yi huɗu a jami'a, sannan aka miƙa shi ga wani da ya bi wannan hanyar.

Na yarda da rabin wannan. Gaskiya ne sana'ar da ake gada ta hanyar tsayawa kusa da mai yi tana da nauyin juyawa, kamar yaron maƙera da zai riƙe guduma yadda ya ga ubangidansa yana riƙewa ko da an zo da sabon ƙarfe. Inda na rabu da su shi ne wajen ɗaukar tsananin tsari a matsayin ragowar bariki da za a iya kakkaɓewa. Wani ɓangarensa haka ne, musamman tsawa da kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa, wanda jagororin da suka yi suna a da suke tinƙaho da shi. Amma yawancinsa lissafi ne ya haifar da shi. Ƙa'idar yadda ake shiga ɗaki, da inda ake ajiye akwatin abin busa, da ɗaga hannu da ke nufin kowa ya sauke ƙaho, su ne suke sa minti 45 su ishi yara hamsin. Wanda yake son kowane yaro ya ƙirƙiri kiɗansa a ƙaramin rukuni yana neman abu mai kyau, sai dai yana neman ƙarin ɗakuna da ƙarin malamai, ko kuma a rage yaran da za su samu. Ga ɗan talaka da iyayensa ba za su iya biyan malami na musamman ba, ajin nan mai cunkoso da ƙahon aro na makaranta shi ne kaɗai hanyar da zai taɓa riƙe irin wannan kaya. Gargaɗin Dewey kuma bai ce a raba ɗalibi da aji ba, cewa ya yi a shigar da shi yana lura yana tambaya. Makarantar horon malamai ta farko ta gwamnati, wadda aka buɗe a Lexington ta Massachusetts a 1839, tana da ajin yara na gwaji a jikinta tun farko, domin waɗanda suka kafa ta sun san akwai abin da lacca ba ta koyarwa.

Sauyi yana faruwa a cikin al'adar ma, a hankali. Frederick Fennell ya kafa ƙaramar ƙungiyar busa a makarantar Eastman a 1952, mutum ɗaya ga kowane sashe, ya sa mawallafa suka fara rubuta wa kayan busa kiɗa na kansu maimakon aro daga na goge, kuma wannan ya gangaro har kan teburin 'yan aji shida, inda yanzu ake da tarin kiɗa da aka rubuta musamman don masu iya amo shida ko takwas kawai. Mata, waɗanda a da ake hana su shiga fareti a jami'o'i da dama, yanzu suna da yawa cikin malaman midil. A Texas da Nevada da California makarantu suna koyar da mariyachi na Mexico, kuma tun 2002 ƙungiyar da David Wish ya kafa take yaɗa ajin jita da ganga da madannai a makarantun birane. Abin lura shi ne hanyar da waɗannan sababbin suke bi don su zauna da gindinsu. Kamfanonin kayan kiɗa suna ba su gudummawa, Hal Leonard da ya buga Essential Elements ya fitar musu da littattafan da kowa zai buɗe shafi ɗaya, mariyachi a Texas ta sami bikin jiha mai alƙalai da maki, jami'o'i kuma sun fara neman malaman da za su karɓi ɗalibansu na gwaji a irin waɗannan azuzuwa. Ɗalibin da aka tura can zai tarar da jitar da igiyarta ta tsinke maimakon bakin tirampet da ya maƙale, da yara talatin ko arba'in da hukumar makaranta ta ware wa malami ɗaya.